Asuwakin Faransa

Laraba, 17 ga Maris 1954, bayan La'asar

Na iso Azare lafiya. Ni Talha, malamin gona na En'e, na je Ingila kwas, na taka ƙasar Faransa, na dawo da ƙafafuna biyu da takardar shaida. A ofishinmu kaf ba wanda ya taɓa yin haka, kuma ban ga dalilin da zai sa in yi ta sunkuyar da kai ba.

Inna ta yi kuka. Matata Husaina ta ɓuya a ɗaki sai da baƙi suka ragu, sannan ta fito ta ce na rame kamar wanda ya tashi daga jinya. Na ce sanyi ne. Ta ce a'a, rashin miyarta ne. Ban yi musu ba.

Tsaraba: mayafi na Inna, sabulu da madubi na Husaina, bargo mai kauri na mahaifinta Malam Jalo, za a kai masa Katagum. Amma babbar tsarabar ta garin nan ce gaba ɗaya: damin sandunan inabi, kowace kamar kamu ɗaya, kaurin ɗan yatsa, a naɗe cikin jiƙaƙƙen buhu. Na ajiye su a inuwar rumfar Inna. Jibi zan dasa. Nan da 'yan shekaru yaran Azare za su ci inabi, su tambayi wanda ya kawo shi.

Alhamis, bayan Isha'i

Zaure ya cika tun Magariba. Babayo, malamin dabbobi, ɗan ƙanwar Malam Jalo, shi ya zauna gaba yana ta jefo tambaya. Labarin Ingila bai dame su ba, na Faransa suke so, sai na ba su.

Da aka gama kwas, Baturen da ke koya mana aikin lambu, wanda muke ce wa Dogo, ya ɗauke ni a motarsa muka haye teku. Asabar da Lahadi muka yi muna yawo a yankin da suke noman inabi. Ƙauyukan a jere suke a gindin tudu, kana fita wannan kana hango hasumiyar cocin wancan. Gidajen dutse, rufin jan bulo, kowa da dogon burodi a hammata kamar sandar kiwo. Ƙasarsu kuwa tsakuwa ce zalla. A nan in aka ba mutum gadon irinta, wurin alkali zai kai ƙara. Su kuwa kowane ɗan fegi an kewaye shi da katanga, an raɗa masa suna, har faɗa ake yi a kansa.

Lokacin sanyi ne, ba ganye ko ɗaya. Kututtura baƙaƙe a jere har ƙarshen gani, mutane a duƙe suna datse rassa suna ƙonawa, hayaƙi na tashi gona-gona. A ƙauye na biyu aka kawo mana dodon-koɗi a faranti, da man shanu da tafarnuwa. Na ce na ƙoshi. A na uku na yi Azahar a jikin katanga, a kan kwat ɗina, wata tsohuwa ta tsaya da kwandonta har na sallame, sannan ta gyaɗa kai ta wuce.

Ran Lahadi muka sauka gidan wani tsoho manomi da matarsa. Suka kai mu ɗakin ƙarƙashin ƙasa inda suke ajiyar giyar. Ganguna na katako, wasu sun kai ƙaramin rumbu, ga tsami ya cika hanci. Tsohuwar ta ɗebo a ɗan ƙoƙon azurfa ta miƙo mini. Kowa ya zuba mini ido. Na sa hannu biyu na karɓa.

Daidai nan ladan ya kira Isha'i. Na ce sauran sai gobe. Ka ga fuskokinsu! Labari haka ake ba da shi.

Juma'a, da hantsi

Buhun na nan, sandunan ba su.

Na tambayi Inna. Ta ce, "Asuwakin? Ai na raba. Mutane sun yi ta zuwa barka da sauka, in bar su su tafi hannu sake? Ka kawo abu dami guda ka ajiye a rumfata, me zan ɗauka in ba na rabo ba ne?"

Na ce, "Inna, iri ne."

Ta ce, "Iri kuma sanda? To ai ba daɗi ma, maƙwabciyarmu Gumsu ta ce bauri ne da shi."

Biyu mafiya kauri ta haɗa da bargon, tun jiya da safe ta ba masu zuwa Katagum.

Juma'a, bayan sakkowa masallaci

Na bi gida-gida ina karɓar kyautar da uwata ta bayar. Abin kunya ne, na sani, amma na yi. Wani ya ciro tasa daga bayan kunne. Wata ta ce jikanta ya yi doki da ita. Na samo shida, biyu an taune su, huɗu lafiya lau. Huɗu sun isa. Garin nan ma da gida ɗaya ya fara.

Ba wanda ya zo jin sauran labarin. An yi rasuwa a unguwar gabas, duk can aka tafi.

Asabar, da safe

Na dasa su bayan rijiya, na yi musu rumfar zana. Husaina na riƙe da buta ina nuna mata yadda tsohon ya koya mini: kowace sanda tana da idanu, a binne biyu a bar biyu, kuma idon ya dubi sama. In aka kifa ta, ko shekara za a yi ana ban ruwa ba za ta tsiro ba. Ta ce ashe itacen ma ya san sama da ƙasa, ya fi wasu mutane. Ban tambaye ta su wa take nufi ba.

Talata, da rana

Babayo ya tafi Katagum allurar shanu. Sandunan na nan kore shar in an ɗan kankare.

Asabar, bayan Azahar

An zo daga Katagum da jakuna biyu. Husaina ta tafi ganin gida.

Lahadi, da safe

Ganin gida ba a tafiya da tasoshi.

Litinin, bayan La'asar

Aiki ya yi kyau ƙwarai. Joji, Baturen mulki, ya sa na yi wa malaman gona bayanin takin gargajiya, na yi, an tafa. Da na dawo na tarar da bargon a kan gadona, a ninke yadda na ninke shi tun Ingila. Inna ta ce masu jakunan ne suka bari. Ta ce in ci tuwo. Tuwon Inna ba laifi, sai dai gishiri.

Sandunan na nan. Na ba su ruwa safe da yamma.

Laraba, da yamma

Babayo ya dawo, yana ta kewaye ofishina kamar kazar da ke neman wurin ƙwai. Na kira shi na ce ya faɗi.

Ya ce Malam ya ji daɗin tsarabar. Ya yi kwanaki yana goge baki da ɗaya kafin kowace salla, yana nuna wa almajiransa manya, wai surukinsa ya tuna da shi daga ƙasar Nasara. Ɗayar kuma ya soke ta a danshin yashin bayan randa don kada ta bushe. Sai ya tambayi Babayo wane itace ne.

"Ni kuwa na faɗi abin da na ji a zaurenka," in ji Babayo. "Har ɗakin ƙarƙashin ƙasan. Har ƙoƙon."

Na ce, "Ka ji ƙarshen labarin?"

Ya ce, "Ai ba ka faɗa ba."

Wai Malam ya tashi ya wanke baki, ya rama sallolin kwanakin nan duka, sannan ya sa aka ɗaura wa jakuna akumari.

Laifin ladan ne. Da ya jinkirta kaɗan da na kai ƙarshe.

Alhamis, da hantsi

Inna ta ce in je in yi masa bayani. Ta yaya? Tun da aka ɗaura aurenmu ban taɓa haɗa jimla biyu da Malam ba. Daga bakin zaure nake cire takalmi, in durƙusa can nesa, in gaishe shi ina kallon ƙasa, ya amsa yana kallon bango. Bai taɓa kiran sunana ba, ban taɓa shan ruwa a gabansa ba. Bafulatani ne na gaske, kunyar suruki a wurinsa ba abin wasa ba ce. Yanzu in je in buɗe baki in ce, "Malam, ban yi kaza ba"? Ambaton abin ma a gabansa rashin kunya ne, sai ya ce ga shaida ta biyu.

Kuma ba zan aika ba. Wanda ya ba ni 'yarsa ya kamata ya san wanda ya ba. A nan ma ba zan rubuta ba.

Lahadi, bayan La'asar

Gara ta cinye ɗaya. Saura uku. Na zuba toka.

Talata, da safe

Idanun sanda biyu sun kumbura. Sun kumbura, wallahi. Na kira Inna ta duba, ta ce ita ba ta ga komai ba, na ce ta matso. Ta uku ta bushe, amma dama ita ce siririyar, ban sa rai da ita ba.

Na tuna tsohon nan yana datse reshe, yana magana Dogo na fassara mini. Ya ce inabi ba ya son gata, wanda aka shagwaɓa ganye kawai yake yi. Hannunsa duk kanta, ya kama nawa ya juya, ya ga tawa kantar, ya yi dariya. Daga nan ya daina yi wa Dogo magana, ni yake yi wa, ko da yake ba na jin ko kalma ɗaya.

Gidan shiru, amma ba komai. Mutum ya fi samun tunani.

Juma'a, bayan La'asar

A masallaci wanda ke damana ya ɗan matsa. Wataƙila zafi ne.

Asabar, da safe

GANYE. Ɗaya ta buɗe ganye, ƙanana biyu, masu gashi-gashi, bakinsu ja-ja. Inabi ya yi ganye a Azare, a tsakiyar bazara, a hannuna. A rubuta wannan. Waɗanda ke cewa malamin gona ya haukace yana yi wa asuwaki ban ruwa, su zo su gani.

Na juya zan ce, "Husaina, kawo buta." Na ɗauko da kaina.

Ɗayar ta tsaya a kumburin, ta yi baƙi. Ba komai. Ɗaya ta isa.

Litinin, da yamma

Ganye huɗu. Inna ta ce azumi ya kusa, wa zai dama mini kunu yadda nake so. Na ce ita. Ta ce ita ta tsufa da tashin sahur saboda ƙaton da ke da mata. Ina kewarta, gaskiya ke nan. Wata shida ina ƙirga ranar dawowa, na dawo na samu kwana goma.

Laraba, da rana

Akuyar Gumsu. Ko ganye ɗaya ba ta bari ba.

Alhamis

Ban je ofis ba. Na ce zazzaɓi.

Asabar, bayan Azahar

Babayo ya sake dawowa daga Katagum. Ya yi sallama sau uku ban amsa ba, ya shigo abinsa. Ya ajiye wani ɗan jiƙaƙƙen tsumma a kan tabarmata ya ce, "Husaina ta ce in ba ka hannu da hannu. Ba ta ce komai ba."

Na warware. Ganye ne, ya kai tafin hannun jariri, mai tsini biyar, gefensa kamar haƙoran zarto. Na san shi. Ba irinsa a ƙasar Katagum kaf.

Na ce, "Ina ta samo?"

Ya ce, "Bayan randar Malam. Ta biyun nan da ya soke a yashi. Tun da abin ya faru ba wanda ya yarda ya taɓa ta, shi ma bai taɓa ba. Yanzu ta kusa kai wuyan randar."

Na yi dariya har Inna ta leƙo. Huɗun da na yi wa rumfa da toka da ban ruwa safe da yamma sun tafi, wadda aka yi wa fushi ita ta rayu, kuma a gidan wa? Babayo ya ce kullum Malam in ya zo ɗiban ruwan alwala sai ya tsaya a kanta.

Ran Talata akwai rabon irin gyaɗa a Katagum. Ba ni aka sa ba. Na je na sa kaina.

Laraba, Katagum, bayan La'asar

Zan rubuta yadda aka yi tun ban manta ba.

Na gama rabon iri, na wanke ƙafa, na je gaisuwa kamar yadda ya wajaba ga wanda ya shigo gari. Na durƙusa a inda na saba. Malam ya amsa yana kallon bango. Na yunƙura zan tashi sai ya ce, "Babayo, zauna nan." Babayo ya zauna tsakaninmu. Zauren bai fi taku huɗu ba, kowa na jin numfashin kowa.

Malam ya ce, "Tambayi mai itacen. Abin da ya fito bayan randata, shi ne wanda nake karanta sunansa tun ina yaro ban taɓa gani ba?"

Babayo ya juyo ya maimaita mini, kalma da kalma. Na ce shi ne. Babayo ya juya ya ce, "Ya ce shi ne."

Malam ya ce, "Gaya masa na so in tuge shi. Amma abin da Allah Ya rayar a gidana ba da shawarata ba, ban ga hannun da zan sa masa ba. Gaya masa kuma na san dawa ma ana giya da ita, ban daina cin tuwo ba. Ba itacen ne ya dame ni ba. Tambaye shi ƙoƙon."

Babayo ya kasa maimaitawa. Ni kuwa na dubi Babayo, na ba shi sauran labarin da ya bari a zaurena.

Na ce tsohuwar ta girmi Inna, a gidanta nake, kuma abin da ta fi ji da shi a duniya ta miƙo. Ba a koya mini in bar hannun babba a miƙe ba, shi ya sa na karɓa da hannu biyu. Sai na ce wa Dogo ya gaya mata: a addinina wannan bai halatta in kai baki ba, a garinmu kuma baƙo ba ya ƙin abin da aka ba shi. To na karɓa, ya zama nawa, na gode, ga shi na mayar wa maigida. Tsohon ya karɓa yana dariya har da tari. Ita kuma ta hau sama ta ɗumamo mini madara, na shanye. Daga nan ya ja ni gona ya yanko mini sandunan, ya ce tunda ban ɗanɗani ɗan ba, in tafi da uwar.

Babayo ya buɗe baki zai maimaita, Malam ya ɗaga masa hannu.

"Madarar me?"

Na ce ta akuya.

"Ba su da shanu?"

Na ce suna da su, farare, manya ƙwarai, amma ba tozo.

"Ba tozo," in ji Malam. Ya jima yana juya abin. Sannan ya ce, "Babayo, je ka duba dokinka."

Babayo ba shi da doki. Ya fita.

Malam ya miƙe ya nufi cikin gida, ya tsaya a ƙofa. Bai dubi bango ba, ni ya duba. Ya ce, "Malamin gona, randar ta tare masa rana. Ina za mu mai da shi?"

Mu. Haka ya ce.

Na bi shi. Ga ta nan, ganye bakwai, har ta fid da ɗan zare tana neman abin kamawa. Na ce kada a taɓa ta bana, randar za a matsar. Ni da shi muka kama randar, shi wuya ni gindi, muka gusar. Ina yi masa bayanin rumfa, shi kuwa yana ta tambaya kamar ɗalibi. Ta bayan zana na ji ƙarar tasoshi ana haɗawa.

Juma'a, Azare, da yamma

Mun iso a motar En'e, Husaina a gaba ni a baya kan buhuna. A hanya da aka tsaya shan ruwa na ce mata Allah Ya taimaka Malam ya soke sandar daidai. Ta ce, "Wa ya ce maka daidai ya soke ta? A kife na same ta. Ido ya dubi sama, ba haka ka ce ba?" Kullum kuma in ta zo cika randar sai ta bar guga ya ɗan zube.

Na ce to me ya sa ba ta taɓa tambayata zancen ƙoƙon ba. Ta ce mutumin da ya kasa cin dodon-koɗi, ina zai iya wannan.

Malam ya ce in riƙa zuwa duk bayan mako biyu in duba. Ya ba ni damin asuwakin aduwa, ya sa Babayo ya gaya mini wannan taunawa ake yi, kada in dasa.

Lahadi, bayan La'asar

Ana sa ran ganin wata gobe ko jibi. Husaina na jiƙa gero, ta ce wa Inna ta huta. Tasoshin sun koma inda suke, sai ƙaramar da ta ce ta bar wa inabin, da ita ake ba shi ruwa.

Ɗazu wani mai jaki ya yi sallama daga Katagum, gumi na zuba masa, zafin yau ko kare bai fito ba. Na tambaye shi lafiya. Ya ce lafiya lau, Malam ne ya aiko shi. Wai a ba shi bargonsa.